Maharban Dajin Kogo da Ilimin Sanin Dabba ta Muhallinta

Tun kafin Turawa su kafa gonar gwajin irin auduga a Daudawa cikin shekarun 1920, ƙasar nan ta kudu maso yammacin Katsina, wadda a yau ta haɗa Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, daji ce mai duhuwa da duwatsu da ƙoramu, wadda ta miƙe ba yankewa daga Kogo har Kamuku ta Birnin Gwari da Kuyambana ta Zamfara; kuma a cikinta maharba, ƙarƙashin Sarkin Baka, suka riƙe wani fanni na ilimi wanda ba a rubuta shi a allo ba, amma yana da ƙa'idoji da sharuɗɗa waɗanda ɗa yake karɓa daga uba, baki da baki, kamar yadda almajiri yake karɓar riwaya daga malaminsa.

Asalin wannan fanni shi ne, ba a hukunta dabba da siffarta kaɗai, sai an haɗa da muhallinta da lokacinta. Maharbin da ya hangi wata jar halitta ta gifta cikin ciyawa da asuba, alhali ido bai ba shi tabbaci ba, yakan koma ga ƙiyasi: in a fadama ne kusa da ruwa, zatonsa ya fi rinjaya ga mariya ko kwanta-rafi, in cikin kurmin bakin rafi ne, mazo, in kuwa a fili ne mai itatuwa jefi-jefi, kuma jikin ya kai girman doki, to gwanki ne ko kanki. Barewa kuwa, da yake ta fi son ƙasa mai ƙarancin ruwa can arewa, wanda ya ce ya gan ta a nan sai an nemi ya kawo hujja. Haka rema ba a nemanta sai a kan dutse, shamuwa kuma ba a tsammaninta da rani, domin ita baƙuwar damina ce, takan zo ta yi sheƙa a cikin gari, sa'an nan ta koma kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Har maharbin da yake ɗaura kan burtu a goshinsa yana rarrafe, dabararsa ba ta cin nasara sai a inda namun daji suka saba ganin burtu yana kiwo.

Da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Funtuwa ta isa Ƙaura Namoda a 1929, auduga ta yi daraja, gatari ya shiga daji, manyan namun suka yi ta ja da baya zuwa gandun da hukuma ta keɓe.

Abin da ya sa na tuno da wannan tarihi shi ne manhajojin wayar salula na zamani, irin su iNaturalist da aka fara a 2008, da Merlin wadda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka ta fitar a 2014, waɗanda mutum yake ɗaukar hoton dabba ko kukan tsuntsu su faɗa masa sunansa. Hakika usulinsu shi ne na maharban can, gama manhajar takan tambayi wuri da kwanan wata, ta tace jerin halittu ta bar waɗanda aka taɓa shaidawa a wannan yanki cikin wannan lokaci. Saboda haka wanda ya rufe alamar wuri a wayarsa, ko ya bar ta a kan wani gari dabam, kada ya yi mamaki idan aka ba shi sunan tsuntsun wata nahiya mai kama da nasa.

Sai dai a nan ne raunin yake, kuma ya kamata a faɗe shi a sarari. Manhaja ba ta da sani sai gwargwadon shaidun da mutane suka shigar mata, kuma ƙasar Daudawa tana daga cikin wuraren da shaidun suka yi ƙaranci ƙwarai. Aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara a 2015, ya raba ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, don masu sa kai su shiga su rubuta abin da suka gani; amma a daidai shekarun nan ne fitinar 'yan bindiga ta rufe dazuzzukan Faskari da Sabuwa, ta yadda ko manomi bai aminta da gonarsa ba, balle baƙo mai madubin hangen nesa. A 2020 gwamnatin tarayya ta sanya Kogo cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10 da ta amince da su, a ƙarshen shekarar kuma 'yan bindiga suka sace ɗaliban wata makaranta a Ƙanƙara.

A ganina, mafi ingancin shaida game da abin da ya rage a Kogo, da abin da ya gushe, da shekarar da aka daina jin duriyarsa, tana bakin tsofaffin maharba, waɗanda da yawansu rashin tsaro ya kora zuwa Funtuwa da garin Faskari, inda ɗalibin jami'a mai littafi da alƙalami zai iya iske su ba tare da ya shiga daji ba.