Salsala

Salsala ita ce jerin sunayen kakanni da ke tabbatar da asalin mutum, kuma a masarautu irin su Bakura, Talata Mafara da Maradun ana duba ta wajen gadon sarauta. Abdullahi ɗan Fodiyo ya danganta asalin danginsa ga Musa Jakollo, wanda ya taso daga Futa Toro. A littattafan Ibraniyawa kuwa, Littafin Farawa ya jera tsara 10 daga Adamu zuwa Nuhu, abin da ke nuna cewa tushen 'yan Adam ɗaya ne kuma alkawarin Allah yana bin zuriya, yayin da Littafin Ezra ya ambaci firistocin da aka cire daga hidimar ibada saboda ba a sami salsalarsu ba. Kiyaye salsala amana ce babba.