Git

Git manhaja ce ta kwamfuta da ake amfani da ita wajen adana tarihin duk wani sauyi da aka yi wa fayiloli, musamman rubutun da ake gina manhajoji da shi. Tana nuna wanda ya yi gyara, da ranar da ya yi, da layin da ya taɓa, kuma tana ba da damar komawa ga tsohon rubutu idan sabon ya lalace. Kyauta ce, an sake ta ƙarƙashin lasisin GPL na biyu.

Tarihi

Linus Torvalds ne ya fara rubuta Git a watan Afrilun 2005, bayan masu aikin gina Linux sun rasa damar amfani da BitKeeper kyauta. A watan Yulin wannan shekarar ya miƙa ragamar kula da ita ga Junio Hamano, kuma aka fitar da siga ta 1.0 a watan Disamban 2005. An buɗe dandalin GitHub a 2008, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018.

Yadda take aiki

Manhajojin da suka gabace ta, irin su CVS da Subversion, suna ajiye tarihin aiki a kwamfuta ɗaya ta tsakiya. A Git kuwa, kowane mai aiki yana da cikakken tarihin a kwamfutarsa. Misali, idan mutum uku suna gyaran manhajar lissafin kaya ta wata masana'anta a Sharada ko Bompai, kowannensu zai iya ci gaba da ajiye aikinsa ko da intanet ta yanke, sai ya haɗa shi da na sauran idan ta dawo. In kwamfutar ɗaya ta mutu, tarihin na nan a wajen sauran.

Saukewa da girkawa

A Windows, ana sauke Git for Windows daga shafin git-scm.com. Tana zuwa da Git Bash, wurin da ake rubuta umarni.

A macOS, Git tana cikin kayan aikin Xcode, waɗanda ake girkawa da umarnin xcode-select --install. Masu amfani da Homebrew kuma sukan rubuta brew install git.

A Linux, ana ɗauko ta daga ma'ajiyar manhajojin tsarin. A Debian da Ubuntu umarnin shi ne sudo apt install git, a Fedora kuwa sudo dnf install git.

Bayan girkawa

Umarnin git --version yana tabbatar da cewa manhajar ta zauna. Daga nan sai mai aiki ya saka sunansa da adireshin imel ta hanyar git config --global user.name da git config --global user.email. Waɗannan bayanai suna maƙalewa a jikin kowane gyara da ya ajiye, don haka ana so a saka su daidai tun farko.

Windows da Linux sun bambanta wajen alamar ƙarshen layi. Idan ƙungiya tana aiki da tsarukan biyu ba tare da daidaita saitin core.autocrlf ba, Git na iya nuna cewa an sauya fayil gaba ɗaya alhali ba a taɓa ko kalma ɗaya ba.