Fentin Share Fage: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin Sabunta Katakon Kicin a Sakkwato

Fentin share fage, wanda masu sana'a ke kira firaima, shi ne shafin farko da ake yi wa katako kafin fentin ado. Yana toshe ƙofofin katakon don kada ya shanye fentin sama, yana riƙe fentin kada ya ɓare, yana kuma hana maiƙo da tabon hayaƙi sake ɓullowa. A kicin, inda tururi da maiƙo ke sauka kan kabad da ƙofa kullum, fentin da aka shafa ba tare da shi ba bai cika daɗewa ba.

Wanne za a zaɓa?

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Na mai yana shiga katako sosai, shi ya fi dacewa da ɗanyen katako irin madaci da wanda hayaƙi ya yi wa baƙi, sai dai yana da wari, kuma yakan buƙaci kimanin awa 24 kafin a ƙara shafi. Na ruwa yakan bushe cikin awa 2 zuwa 4, amma bai kai na mai ɓoye tabo ba, kuma yana iya kumbura gefen katakon MDF.

Yadda ake shafawa

A fara wanke katakon da ruwan sabulu har maiƙo ya fita, a bar shi ya bushe sarai. Sai a goge da samfefa mai lamba 120 zuwa 180, a cike ramuka, a share ƙura da ɗanyen ƙyalle. A shafa siririn shafi, burushi na bin tsawon katakon. Idan ya bushe, a sake gogewa sama-sama kafin fentin ado. Tsoma kananzir da yawa don a ƙara auki yana raunana shi.

Yanayin Sakkwato na da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, fenti ya bushe a sama alhali cikinsa ɗanye ne, don haka aikin sassafe ya fi. Da hunturu ƙura ke maƙalewa a ɗanyen fenti, da damina kuma danshi ke jinkirta bushewa.

Haɗarin dalma

Tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya, na iya ƙunsar dalma. Goge shi a bushe yana tayar da ƙurar da ke sauka kan abinci da hannun yara, kuma dalma na lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara har abada. Yankin nan ya san illarta: a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, jihar da aka cire daga Sakkwato a 1996.

Amurka ta haramta fentin gida mai dalma tun 1978. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. A Najeriya, sa ido kan ingancin fenti na wuyan hukumar SON, kuma haƙƙin mai saye ne ya nemi gwangwani mai sunan kamfani da tambarin hukumar, ya guji na awo da ake ɗurawa a gora.

Duk mai goge tsohon fenti ya jiƙa samfefar da ruwa, ya rufe hanci, ya kwashe abinci da kwanuka, ya kuma fitar da yara da masu juna biyu har sai an wanke ɗakin.