Daga Hayaƙin Zaƙami Zuwa Shuɗiyar Inhela

Idan hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, mai fuka ba ya barin gida sai ya shafa aljihu ya ji inhelarsa tana nan. Wannan 'yar robar da ake saya a kemis, akwai dattawa da yawa da suka girme ta, don sai a 1956 aka fara sayar da irinta. Ita kuwa cutar daɗaɗɗiya ce. Sunan asma ma daga Girkawan dauri aka samo shi, kuma ma'anarsa haki.

A ƙarshen ƙarni na 12, likita Musa bin Maimun ya rubuta littafi guda da Larabci a Misira kan wannan ciwo, domin wani ɗan gidan sarautar Salahuddin da ke fama da shi. Shawarwarinsa ba su wuce iska mai tsafta, tsakaita ci, isasshen barci da romon kaza ba. Ba shi da abin da zai buɗe ƙirji idan ya toshe, amma ya gane cewa iskar birni tana da hannu a ciki.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fara buɗe ƙirji da gaske, hayaƙi ne, hayaƙin wani tsiro da muka sani sarai: zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro. Masu magani a Indiya sun daɗe suna ƙona shi su ba mai fuka ya zuƙa. A farkon shekarun 1800 wani hafsan sojan Ingila ya kai dabarar gida daga Madras, kafin a ce me, kantunan magani na Turai sun cika da sigarin asma. Abin dariya ne a yau a ce likita ya rubuta wa mai ciwon huhu taba, sai dai tana aiki, saboda tsiron yana ɗauke da sinadarin da ke sassauta tsokar hanyoyin numfashi. Guba ce kuma, kamar yadda duk wanda ya taɓa ganin wanda ya sha zaƙami zai shaida. A 1860 wani likitan Landan, Henry Hyde Salter, wanda shi kansa mai fuka ne, ya ce a sha baƙin kofi mai ƙarfi. Bai yi ƙarya ba, don sinadarin kofi ɗan'uwan aminofilin ne da ake yi wa mutane allurarsa a asibiti.

Da aka shiga ƙarni na 20 sai adirenalin ya zo, da farko ta allura, daga baya ta wata kwalba ta gilashi mai balan-balan ɗin roba da ake matsawa. Ga wuyar ɗauka, ga saurin fashewa. A 1955 wata yarinya 'yar shekara 13 a Amurka, Susie Maison, ta gaji da ita, ta tambayi mahaifinta me ya hana a zuba maganin a gwangwanin feshi irin na man gashi. Mahaifin, George Maison, shi ne shugaban kamfanin magunguna na Riker. Ya miƙa tambayar ga ma'aikatansa, suka ɗauko wani bawul mai fitar da feshi daidai awo, shekara na zagayowa Medihaler ta shiga kasuwa.

Murna ba ta daɗe ba. A shekarun 1960 mace-macen masu asma, musamman matasa, suka yi tashin gwauron zabo a Ingila, Ostireliya da New Zealand. Bincike ya nuna yatsa ga wata inhela mai ƙarfin gaske ta isoprenaline, wadda ke sa zuciya bugawa da sauri, mutum kuma ya yi ta fesawa a gida yana jin sauƙi na ɗan lokaci har lokacin zuwa asibiti ya wuce. Daga nan aka samar da salbutamol, wanda ya fi sauƙi ga zuciya, aka fito da shi a 1969 da sunan Ventolin. Ita ce shuɗiyar nan.

A ganina babban sauyin ya zo ne bayan wannan, ko da yake bai yi suna kamarta ba. Likitoci sun tabbatar cewa matsewar ƙirji reshe ce, tushen kuwa kumburi ne da ke zaune a cikin hanyoyin numfashi har a ranar da mutum yake jin garau. A 1972 aka fito da Becotide, inhela mai sitiroyid, wadda aka fi sani da launin ƙasa-ƙasa. Ba ta kawo ɗauki nan take, ana shaƙarta ne kullum domin ta kwantar da kumburin. Shi ya sa mutane ke raina ta: wanda ya fesa bai ji komai ba, sai ya ce ba ta aiki, ya koma wa shuɗiya. A 2019 ƙungiyar GINA, mai tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar a dogara da shuɗiyar ita kaɗai ga manya da matasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, dubu 455 suka mutu, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A wajenmu mai launin ƙasar tana da tsada, ba kuma kowane kemis ke ajiye ta ba, ga hayaƙin murhu da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗaki.

Yaro kuma ba ya iya haɗa matsawa da zuƙa a lokaci guda, sai maganin ya tsaya a baki. Akwai bututun da ake sayarwa don haka, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin iyaye da yawa. A 1999 likita Heather Zar da abokan aikinta a Cape Town suka gwada gorar roba ta rabin lita, aka huda gindinta aka cusa bakin inhela, yaron ya zuƙa ta wajen marfi. Ta yi aiki daidai da na kanti.