Shekarar da Aka Ɗaure Bakin Jaka

Daga ƙarshen 2019, lokacin da Disney ya buɗe manhajarsa ta kallon fim ta intanet, manyan kamfanonin Amurka sun riƙa zuba kuɗi kamar ba gobe. Ba a cika tambayar riba ba a lokacin. Abin da masu hannun jari ke son ji kawai shi ne mutum nawa suka ƙaru cikin masu biyan kuɗin wata.

A watan Afrilun 2022 lissafin ya juye. Netflix ya sanar cewa ya rasa masu biya 200,000 cikin wata uku, karo na farko a fiye da shekara goma, kuma washegari darajar hannun jarinsa ta zube da kusan kashi 35 cikin ɗari. A wannan watan ne kuma aka haɗe Warner da Discovery, sabon kamfanin ya tashi da bashin kusan dala biliyan 50 a wuyansa. Shugabansa, David Zaslav, ya shiga neman inda zai rage.

Finafinai masu dogon zango na ƙagaggen labarin kimiyya su suka fi jin jiki, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin a ɗauki fitowa ɗaya sai an gina cikin jirgin sama jannati ko wata duniya sukutum, sannan a kwashe watanni ana aikin kwamfuta. A Yuni aka tsayar da Raised by Wolves bayan zango biyu. A Nuwamba Westworld ya bi sahu bayan zango huɗu, alhali masu shi na son na biyar don su rufe labarin. Ba a tsaya nan ba: a Disamba aka kwashe su biyun daga HBO Max, manhajar sabon kamfanin, gaba ɗaya. Wannan shi ne baƙon abu a wurina. Tsayar da shiri tsohuwar al'ada ce a talabijin, amma a ɗauke wanda aka riga aka gama daga gaban mai biyan kuɗi, wannan ya wuce tsimi.

A Janairun 2023 Netflix ya yanke shirin 1899, aikin Jamusawan nan biyu da suka yi shirin Dark. Zango uku suka tsara, ɗaya suka samu, kuma ya ƙare daidai inda asiri ya fara tonuwa. Disney kuwa, wanda asarar kusan dala biliyan 1.5 da harkar manhajojinsa ta yi cikin wata uku ta taimaka wajen raba shugabansa Bob Chapek da kujerarsa, ya saki fim ɗin Crater a watan Mayu, ya cire shi kafin a cika wata biyu. Yajin aikin marubuta da 'yan wasa ya ƙara dagula lamarin: Amazon ya janye zango na biyu na The Peripheral a Agusta, bayan ya riga ya amince da shi.

Star Trek: Prodigy dai ya yi sa'a. Paramount ya watsar da shi a Yunin 2023, Netflix ya tsince shi, aka nuna zangonsa na biyu a 2024.