Kuskuren faifan ajiya a saba: yadda ake gano shi da abin da ake fara yi

Saba ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ma'aikata ke karɓar bayanai daga gare ta, faifan ajiya kuma shi ne rumbunta. A Azare, hedikwatar masarautar Katagum, inda Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh suke, sakamakon ɗalibai da bayanan marasa lafiya na daga cikin abin da ake damƙa wa irin wannan na'ura. Haka ma cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015: idan saba ta tsaya, zauren duka ya tsaya.

A cikin faifan akwai faranti da ke juyawa, galibi sau 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke karatu a kansa ba tare da ya taɓa shi ba. Alamun farko na lalacewa su ne nauyi wajen buɗe fayil, daskarewar na'ura, da ƙarar ƙwas-ƙwas daga cikin akwati.

Kusan kowane faifai na ɗauke da tsarin duba lafiyar kansa mai suna SMART, ana kuma karanta rahotonsa da manhajar smartctl. Lamba 5 na ƙirga gurabun da suka lalace aka sauya su da na ko-ta-kwana. Lamba 197 na nuna waɗanda suka ƙi karantuwa, 198 kuma waɗanda gyaransu ya faskara. Idan waɗannan na ƙaruwa daga mako zuwa mako, a nemi sabon faifai. Lamba 199 daban take: yawanci laifin wayar da ta haɗa faifan da na'ura ce, kuma mai gaggawa kan yar da faifai lafiyayye alhali waya ce ta saki.

Sai dai rahoto mai kyau ba tabbaci ba ne. Binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 kan faifai sama da 100,000 ya gano kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alamar SMART ba. Binciken ya kuma nuna zafi bai kai yadda ake zato ba wajen kashe faifai, amma a ɗakuna masu sanyi aka yi shi, ba a ofishin da ke jiran janareta a watan Afrilu ba, lokacin da zafin Katagum ke haura digiri 40. Ƙurar hunturu ba ta cika shiga cikin faifan ba, fanka take toshewa har akwatin ya ɗau zafi. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu kuwa kan bar bayanai a hargitse ko da farantin lafiya lau yake.

Babban kuskuren da ake yi shi ne fara gyara kafin kwafi. Manhajojin chkdsk a Windows da fsck a Linux tsarin fayil suke daidaitawa, ba sa warkar da faranti, kuma doguwar wahalar da suke ba faifan da ya raunana na iya ƙarasa shi. Abin da ya dace shi ne a dakatar da rubutu a kansa, a kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani da ddrescue, wadda ke fara ɗebe sassan da ke karantuwa cikin sauƙi, sannan a yi gyaran a kan kwafin. Idan faifan ya fara ƙara, a kashe shi, kada kuma a buɗe murfinsa a shago.

Sabar da ke da tsarin RAID 5 na jure mutuwar faifai ɗaya kacal. Lokacin da ake sake gina bayanai a kan sabon ne sauran suka fi shan aiki, kuma da yake galibi rana ɗaya aka saye su, na biyu na iya bin na farko. Don haka sai an tabbatar kwafin da aka ajiye a wani gini yana buɗuwa kafin a zare wanda ya lalace.