Mashigin Rogers na Kanada: Hanyar da Ake Tsaronta da Igwa

Mashigin Rogers yana cikin tsaunukan Selkirk a lardin British Columbia na ƙasar Kanada, tsakanin garuruwan Revelstoke da Golden, a tsayin mita 1,330 daga doron teku. Babbar hanyar da ta ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma ta bi ta nan tun shekarar 1962, kuma ita ce ke kai masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara zuwa gangaren da babu na'urar ɗaukar mutane, sai dai mutum ya hau da ƙafarsa.

Babban haɗarin wurin shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara. A tsawon kilomita 40 da 'yan kai, akwai kwazazzabai fiye da 130 da dusar ke iya gangarowa ta cikinsu ta rufe kwalta. Tun kafin a shimfiɗa hanyar mota, a watan Maris na 1910, zaftarewa ɗaya ta hallaka ma'aikatan layin dogo 58, yawancinsu 'yan Japan.

Saboda haka ba a jiran dusar ta faɗo da kanta. Duk hunturu sojojin Kanada kan girke igwa mai bakin milimita 105 a gefen hanya. Idan masanan hukumar gandun daji suka ga dusar ta yi nauyi, sai a tsayar da motoci, a harba harsashi can saman dutse, ta zube babu kowa a ƙasa, sannan a share a buɗe hanya. Wasu sassan kuma an yi musu rumfar kankare.

A nan ne lamarin ya shafi masu zamiya, domin gangaren da suka fi so su ne waɗanda igwar ke hari. Shiga yankunan da aka ƙayyade sai da takardar izinin hunturu, ta yini ɗaya ko ta shekara, kuma mai neman ta shekara sai ya ci jarrabawa. Kowace safiya ake sanar da yankin da ke buɗe. Wanda aka shiga jiya yana iya zama a rufe yau. Mota ma ba a ajiye ta sai a wuraren da aka ware, kuma doka ta wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu.

Abin da baƙi kan kasa ganewa shi ne, hanya ake karewa da harbin, ba mai zamiya ba. Buɗe yanki na nufin ba za a yi harbi a can ba a ranar, ba wai dusar ta zauna daram ba. A watan Fabrairun 2003 ɗalibai 7 na wata makarantar sakandare sun rasu a kwarin Connaught, kusa da hanyar. Bayan wannan rashi ne hukumar ta fara rarraba wuraren zamiya gwargwadon haɗarinsu.

Ana son kowa ya duba hasashen zaftarewa na ranar, ya kuma ɗauki na'urar nuna inda mutum ya binne, da sandar lalube, da shebur. Wanda dusa ta rufe, damar tsirarsa kan ragu ƙwarai bayan kimanin minti 15, don haka abokan tafiyarsa ne za su tono shi kafin masu ceto su iso.